Rugar Dikko Tana Nan Kusa

"…da iyali? Da shanun mutane da kake korawa kana cewa naka ne?"

"Lafiya lau, Grema. Sun ce in gaishe musu da bawansu. Ya aikin jigo? Har yanzu kana ba wuta ruwa kana cewa noma kake yi?"

"Mun gode Allah. Ina ragona?"

"Haba, ko ruwa ba a ba baƙo ba?"

"Ga kogi can ya cika, je ka sha har ka ƙoshi. Ina ragona, Fillo?"

A Diffa aka yi wannan, a shekarun da garin bai wuce ƴan unguwanni da kasuwa ba, kumandan kuwa, Baturen Faransa mai mulkin yankin, yana can Ngigmi, sai jefi-jefi a ga ɗan saƙonsa a kan raƙumi. Kaka ta wuce, gero ya shiga rumbu, kogin Kumadugu ya cika ya batse. Grema Babarbare ne, manomin tattasai da barkono a bakin kogi, gajere mai tumbi, mai son a ji muryarsa. Dikko Bafillace ne, dogo siriri, mai shanu da tumaki. Kowa ya san wasan da ke tsakanin Barebari da Fulani. Kowanne yana cewa ɗayan bawansa ne, kuma wanda ya fara yin fushi shi ne ya faɗi. Su biyun nan daga iyayensu suka gaji wasan, suka ƙara masa gishiri da hannunsu.

Amma a wannan rana Grema ba wasa ne a ransa ba. Yagana, matar ɗansa Ajimi, ta haifi ɗan fari, kuma gobe da safe ne suna. Kalli, uban Yagana, ya taso tun daga Maine Sorowa da kayan barka, mutum ne mai kallon kome da wutsiyar ido. Da ya ga babu rago a turke, sai ya ce a bari shi ya saya a kasuwa. Grema ya bugi ƙirji a gaban jama'a ya ce a gidansu ba a yanka wa jika ragon kasuwa, yana da Bafillacen da zai kawo balami fari sol, wanda ba a taɓa ganin irinsa a Maine ba. Kasuwa ta ci jiya ta watse. Yau ga Dikko a ƙofar gida, daga shi sai sanda da gorar ruwa.

"Rago yana ruga," in ji Dikko.

"Rugar tana ina?"

Dikko ya ɗaga haɓa, ya turo leɓe wajen arewa. "Nan kusa."

Grema ya bi leɓen da kallo. "Wannan leɓen na san shi. Da irinsa ubanka ya nuna wa ubana rijiya. Ya tafi da baƙin gemu, ya dawo da furfura."

"Amma ya sha ruwan ko bai sha ba?"

"Me ya hana ka jawo ragon ka zo da shi?"

"A al'adarmu, ragon suna kakan jariri ne yake kamo shi da hannunsa."

"Yaushe aka yi wannan al'adar?"

"Yau da safe."

"To bari in ɗaura wa jaki akumari."

"Jaki kuma? Kafin ka gama ɗaurawa ai mun dawo. Ko ka tsufa ne, in gaya wa surukinka?"

Grema ya waiga. Kalli yana zaune a zaure yana jan carbi, kunnuwansa kuwa suna nan waje. Ya Fanna, uwargidan Grema, ta leƙo daga ciki da muciya a hannu.

"Malam, ka bi shi mana," in ji ta. "Ka ba mu wuri mu yi aiki."

Ta ja mayafi ta rufe bakinta, ta koma ciki da sauri. Grema ya ɗauka hayaƙi ne ya dame ta. Haka ya bi bayan Dikko, da babbar rigarsa da sababbin takalman fata da ya sa don surukinsa ya gani.

Suka bar gari ta arewa. Suka ratsa kurmin goruba, suka hau tudu suka gangara, suka sake hawa wani. Grema mutumin kogi ne, a bakinsa aka haife shi, da shi yake gane gabas da yamma. Da sanyin ruwa ya daina bugun fuskarsa, sai ya ga duk itatuwan dajin kamarsu ɗaya. Ƙarangiya ta kama ƙafar wandonsa, takalmin dama ya fara cizo.

"Saura nawa?"

"Ai mun zo."

"Ka san ciwonku, ku Fulani? Kalma ɗaya tak gare ku. Bayan bukka kusa, Kukawa kusa, Makka ma kusa. Jahilci ne. Da kun zauna da manyan mutane kamar yadda na zauna, da kun san magana tana da hawa-hawa."

"Za a fara ke nan," in ji Dikko. "Bature Mai Lofe."

Babu wanda ya san Grema bai san labarin Mai Lofe ba. Yana saurayi ya ƙetare kogi a kan gora, ya shiga ƙasar Ingilishi, ya yi ƴan shekaru a Gaidam yana dafa wa wani tsohon Bature likitan dabbobi, mai yawan shan lofe, abinci. Daga can ya dawo da farar rigar kuku, da al'adar wanke hannu da sabulu, da ƴan kalmomi da yake adanawa kamar turare.

"Ka yi ba'a son ranka," in ji Grema. "Su Turawan Ingila suna da kalmar kusa ta yau da kullum, wadda yara da masu wanki suke faɗa. Sannan suna da tsohuwa, ta manya, wadda ba a fito da ita sai magana ta yi nauyi. Ko a cikinsu ba kowa ya san ta ba."

"Fito da ita mu gani."

Grema ya tsaya cik a kan hanya. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa.

"Furofinkwiti."

"Ce alhamdu lillahi, in yi maka addu'ar atishawa."

"Kalma ce, jahili!"

"Kalma ce ko ciwon shanu? Bara wani abu mai irin wannan sunan ya kashe mini maruƙa."

"Ma'anarta kusanci. Kasancewar abu dab da abu."

"Kalmar da ake nufin kusa da ita, amma sai an ya da zango a tsakiyarta an sha ruwa? Kafin ka gama faɗarta ai abin ya yi nisa. Tamu ta fi. Kusa. Ka ga har na gama."

"Taku gajera ce, tafiyarta ce doguwa."

"To taho, muna tafe kana karantar da ni. Ina suka samo ta?"

Wannan tambayar ta yi wa Grema daɗi, har ya manta da takalmi na ɗan lokaci. "Ba tasu ba ce tun asali. Mai Lofe ya ce ta Rumawa ce, mutanen dā can, waɗanda harshensu ya mutu sai a littafi. Daga gare su ta faɗa hannun Faransawa, kakannin su kumandan. Daga nan ta ƙetare ruwa ta shiga Ingila."

"Tsaya. Ta bar gidan ubanta, ta kwana a ƙasar wasu, ta ƙetare ruwa, yanzu ga ta a dajin Diffa?"

"Haka ne."

"Ashe Bafillata ce! Ka sato mana ƴar'uwa kana yi mana taƙama da ita. Ko goro ba ka kai wa dangi ba."

"Allah ya tsare ta da zama Bafillata. Kalmar alƙalai ce. Mai Lofe ya ce a takardun gado ake samunta, da bakin tsofaffi irinsa. In ya faɗe ta a gaban samarin Turawa, sai su riƙa taɓa juna suna dariya, kamar yadda za a yi wa wanda ya zo kasuwa da wandon kakansa."

"Me ya haɗa ta da gado?"

"Ba kusancin wuri kaɗai ba ne. Har na jini. Wane ne ya fi kusa da mamaci, ɗa ko ɗan'uwa, ita ake faɗa."

"To ai ni da kai muna da ita ke nan. Kakarka ce take ɗauke wa kakata ƙwarya. Wannan zanen da ke fuskarka ma kakana ne ya fara yi muku shi da wuƙa, don kada ku ɓace a cikin bayin mutane. Yadda muke tsaga kunnen shanu."

"Ku kuwa ba a yi muku alama ba, don in kun ɓace babu mai nema."

Dikko ya ƙyalƙyale da dariya har sanda ta zame daga kafaɗarsa. "Wannan ka ci. Amma saura tafiya."

"Ka ce mun zo!"

"Mun zo kusa da inda za mu ce mun kusa."

Rana ta take tsaka. Suka wuce wata busasshiyar fadama, suka wuce garken raƙuman wasu Larabawa. Grema ya cire babbar riga ya naɗe ta a ka. Da azahar ta yi suka tsaya gindin wata farar ƙaya, Dikko ya tsiyaya masa ruwan alwala daga gora. Grema ya shimfiɗa riga ya daidaita tsayuwa.

"Ina za ka kai sallar taka?" in ji Dikko. "Can ai Agadas ce. Juyo nan."

Bayan sun sallame, Grema ya zauna yana kallon inuwar itacen, yana lissafi a ransa. "In nan ce gabas, to mun karkace. Ba arewa muka nufa da farko ba?"

"Akwai laka a gaba, zagaye ta muke yi. Don takalmanka nake yi, kada su ɓaci surukinka ya ga."

"Allah ya isa tsakanina da takalman nan. Ka san da a ce ka kawo shanunka gonata bara kamar yadda aka saba, da duk wannan wahalar ba ta taso ba. In leƙa ta katanga in ce a miƙo rago. Ka kwashe su ka kai wa wasu taki, gerona bana ya fito kamar gashin tsoho."

"Ka manta abin da ya kore ni?"

"Ni ban kore ka ba."

"Bikin Ajimi. Ka kawo mini akushin burabusko da hannunka, a gaban jama'a, a gaban matata Asta. Na tambaye ka, Grema, akwai yaji? Me ka ce?"

Grema ya kau da kai yana danne murmushi. "Na ce babu."

"Ka ce, don kai aka yi wannan, ko jariri zai sha. Loma ɗaya na yi na ga kakannina. Na tashi da gudu na yi kogi, hulata ta faɗi a hanya, akuya ta tauna. Har yau in na yi wa Asta faɗa sai ta ce, to jarumi, a kawo burabusko?"

"A wurinmu wannan ba yaji ba ne. Ƙamshi ne."

"A wurinmu ma wannan ba tafiya ba ce. Miƙe ƙafa ne. Tashi."

Suka ci gaba. Yanzu Grema ɗingishi yake yi sosai. Dikko kuwa yana gaba, sanda a bayan wuya, hannaye a rataye a kanta, kamar wanda ya fito shan iska.

"Ba ka ƙarasa mini ba," in ji shi ba tare da ya waigo ba. "Shi tsohon naka, a ina ka ji ya faɗe ta? Ko cikin barci?"

"A barga," in ji Grema yana haki. "Yana da wani ingarma mai mugun hali, da jakin da ke ɗebo mana ruwa. Ba sa ga maciji da juna, kullum cizo da harbi. Da damina ta rushe rumfar jakin, dole aka ɗaure su wuri ɗaya. Aka yi ta faɗa, aka yi ta faɗa. Bayan wani lokaci aka ara wa wani jakin ya tafi da shi ƙauye. Wallahi ingarman nan ya ƙi cin dawa, sai haniniya yake yi yana kallon ƙofa. Mai Lofe ya cire lofe daga baki ya ce mini, kuku, ka ga aikinta. Ba sai an so juna ba. A ajiye biyu dab da juna kawai, a ba su lokaci."

Dikko ya waigo. "To a cikinmu wa ke jakin?"

"Wa ke ɗauke da gorar ruwa?"

"Wa aka jawo tun safe ba tare da ya san inda za shi ba?"

Grema ya ja tsaki, ya ci gaba da ɗingishi.

La'asar ta yi, suka yi salla, inuwa ta fara tsawo. Da suka iso gindin wata aduwa a ƙasan wani tudun yashi, Grema ya zube. Ya cire takalman ya yi jifa da su. Diddigensa duk ya yi bororo, ɗaya har ya fashe. Ya daɗe yana kallon ƙasa.

"Dikko."

"Na'am, bawana."

"Ban yi fushi ba. Ka shaida ban yi fushi ba."

"Na shaida."

"Amma ka ji. Kalmar nan, tsohon ya ce har lokaci ana faɗa wa ita, in abu ya matso ba makawa. To gobe ta matso. Ko yanzu muka kama ragon, ban ga ƙafar da za ta mai da ni gida kafin asuba ba. Liman zai zauna, jama'a za su zauna, a ce ina abin yanka. Kalli ba zai ce kome ba, ka san irinsu. Zai dube ni kawai, ya koma Maine da labari. Yaron nan kuma zai girma a riƙa ce masa, kai ne wanda kakanka ya yi cika baki aka raɗa maka suna da ƴar akuyar aro." Ya share fuska da hannun riga. "Ka bar ni nan. Kai mai ƙafa ne. Je ka kama shi ka kai gida, ka ce ina tafe. In kura ta cinye ni, a sa wa yaron sunana."

Dikko ya tsaya a kan ƙafa ɗaya, ya dogara da sanda, yana dubansa. Wannan karon bai yi dariya ba.

"Kura ba ta cin Babarbare, yaji ya yi mata yawa. Tashi. Bayan tudun nan ne."

"Tudu nawa ka ce mini haka?"

"Dubi bakina. Na turo leɓe? Da hannu nake nuna maka."

Grema ya duba, ya ga lalle hannu ne. Ya miƙe da ƙyar, ya rataya takalman a wuya, Dikko ya ba shi sanda. Grema ya hau tudun yana nishi, yana kiran sunayen waliyyai.

Daga sama sai ga ruga shimfiɗe a ƙasa. Bukkoki sababbin kafawa, jajayen shanu masu dogayen ƙaho sun bazu cikin wata gona suna cin karan gero, hayaƙi yana tashi. Grema ya sauke ajiyar zuciya, ƙarfinsa ya dawo, bakinsa ma ya dawo.

"Alhamdu lillahi! Amma Fillo, duk gonakin duniya ka rasa inda za ka sauka sai wannan? Dubi kara kamar tsinken sakace. Wane malalaci ne mai ita?"

"Wani bawan Allah ne."

"Bawan barci dai. Dubi rumbunsa, ya karkace kamar mai ciwon baya. Wannan ko kunya ba ya ji? Don wannan ka guje ni? Mutumin da ko mutum-mutumin korar tsuntsu bai iya kafawa ba, dubi abin da ya rataya masa, wata tsohuwar farar riga mai…"

Ya sa tafin hannu ya kare rana. Ya ƙanƙance ido. Farar rigar tana da maɓallai jere biyu a ƙirji, irin na kuku.

Ya dubi rumbun. Ya dubi tsamiyar da ke gefensa, mai karyayyen reshe. Ya ɗaga kai, sai ga rufin gidaje a bayan gonar, ga kogi yana ƙyalli daga can, ga jigonsa a tsaye. Har sautin taɓarya yake ji daga gidansa, inda mata ke dakan hatsin suna. In ya yi kira da ƙarfi daga nan, Ajimi zai amsa.

"Dikko."

"Na'am."

"Gonata ce."

"Malalacin dai."

"Tun safe kana yawo da ni a daji kamar tunkiyar da ta ɓata, ashe…"

"Da asuba muka sauka, kana bakin kogi kana ba wutarka ruwa. Ka tambaye ni rugar tana ina, na ce maka nan kusa. Yau ɗaya a rayuwata na faɗi gaskiya tsantsa, ka ƙi yarda. Laifina ne?"

"Arewa ka nuna!"

"Leɓe ne ya nuna. Ni ban aike shi ba."

Suka gangara. A gindin tsamiya Ya Fanna tana zaune kan tabarma tare da Asta, ƙwaryar nono a tsakaninsu. Da ta hango mijinta, takalma a wuya, riga a ka, ƙarangiya har gwiwa, sai ta sake jan mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa.

"Har da ke?" in ji Grema.

"Malam, tun da Yagana ta haihu kake buɗe mana tukwane kana ƙirga mana itace. Yau kaɗai muka yi aiki cikin kwanciyar hankali. Allah ya saka wa Dikko."

Grema zai ba ta amsa, sai idonsa ya faɗa kan abin da ke ɗaure a jikin rumbu. Balami ne fari sol, an wanke shi tas, tsayinsa ya kai ƙugun mutum, wuyansa kamar turmi, kunnuwa sun zubo. A gefensa kuma Kalli ne tsaye, carbi a hannu, yana shafa bayan ragon yana girgiza kai. Ya juyo, ya dubi Grema tun daga ƙafa har ka, da wutsiyar idon nan tasa.

"Ikon Allah. Malam Grema, daga ina haka? Rago yana bayan gida, kai kuma kamar wanda ya dawo daga Fizan, ƙetaren hamada?"

Grema ya dubi ƙafafunsa. Ya ga labarin yana hawa raƙumi zai tafi Maine.

"Kai ma dai ka faɗa, Kalli," in ji Dikko, ya karɓe sandarsa. "Wannan surukin naka ya wahalar da ni yau. Na ce masa ga rago na kawo, ya ce shi ba zai yanka wa jikan Kalli dabba ba sai ya ga duk ragunan da ke dajin nan da idonsa, ya tabbata babu wanda ya fi shi. Garke garke muka bi. Wannan ya ce gajere ne, wancan ya ce idonsa bai yi masa ba. Ni da nake Bafillace sai da na roƙe shi mu dawo."

Kalli ya sake duban ƙafafun Grema, ya dubi ragon. Ya mai da carbi aljihu, ya kama hannun Grema da hannu biyu.

"Wallahi ko a Maine ban ga irinsa ba. Allah ya raya yaron, ya san kakan da yake da shi."

"Amin," in ji Grema da murya ƙasa-ƙasa. "Ai ba kome. Miƙe ƙafa ne."

Kalli ya kwance ragon da kansa, ya ja shi zuwa gida yana yi masa magana kamar baƙo. Da ya yi nisa, Grema ya zauna daɓas a kan tabarma. Asta ta miƙa masa ludayin nono, ya shanye, ya miƙa aka ƙara. Ya dubi shanun da ke zuba masa taki ko'ina cikin gona. Sai dariya ta kama shi, tun yana riƙe ta har ta fi ƙarfinsa, ya kwanta rigingine yana buga ƙasa da tafin hannu.

"Ka ci, ɗan banza! Ka ci! Na yarda, kusa take."

"Ƙara faɗa, Asta ba ta ji ba."

"Na ce kusa take! Kalmar ma na ba ka ita kyauta, tun da ka ce ƴar'uwarku ce. Ka tafi da ita."

"Ina zan kai ta? Ba ta shiga bukka, ta yi tsawo. Bar ta a wurinka, mu muna nan bayan katanga har ruwa ya sauka. In ka ƙi cin dawa, ka yi haniniya, zan ji."

"To ni ne ingarman ke nan."

"Yau dai na bar maka."

Grema ya ce a je a zo masa da jaki, don ya rantse ko taku ɗaya ba zai ƙara da ƙafarsa ba. Da aka ɗora shi, takalma har yanzu a wuya, sai ya juyo.

"Fillo, ka taho gida mu ci tuwo. Ya Fanna ta yi miya ta musamman."

"Akwai yaji?"

"Haba. Don kai aka yi. Ko jariri zai sha."

Dikko ya dube shi, ya dubi Ya Fanna, wadda ta sake jan mayafi.

"Asta," in ji shi, "ɗauko ƙwaryar nonon nan gaba ɗaya. Mu je."